Gasar DJ: Tafiyar tsofaffin babura daga Durban zuwa Johannesburg

Gasar DJ tafiya ce ta kwana biyu da ake yi a kan tsofaffin babura tsakanin biranen Durban da Johannesburg a Afirka ta Kudu, galibi a watan Maris. Nisanta ya kai kimanin kilomita 700, kuma mahaya kan kwana a garin Newcastle. Babban sharaɗin shiga shi ne a ce an ƙera babur ɗin kafin shekarar 1937.

Asalin gasar

An fara ta a 1913 a matsayin tseren gudu na gaske a kan hanyar da jama'a ke bi, wadda yawancinta ba ta da kwalta a lokacin. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse ta na wasu shekaru, sannan aka ci gaba har zuwa 1936. Daga nan hukumomi suka hana, domin babura sun ƙara gudu, ababen hawa sun yawaita, tsere a kan titin kowa da kowa ya zama barazana ga rayuka.

A 1970 masu sha'awar tsofaffin ababen hawa suka farfaɗo da ita domin tunawa da wancan zamani. Dalilin iyakance shekarar ƙira ke nan: babur ɗin da zai iya shiga tseren asali kaɗai ake karɓa.

Yadda ake cin nasara

A yau gudu ba ya ba da kofi. Kowane mahayi yana zaɓar rukunin gudun da babur ɗinsa zai iya jurewa, a ba shi takardar hanya, kuma dole ya isa kowane wurin auna lokaci a daidai daƙiƙar da aka tsara. Wanda ya yi sauri da wanda ya makara duk ana rubuta musu makin tara. Mai mafi ƙarancin maki shi ne gwani. Da wannan tsari ne gasar ta iya komawa kan titin jama'a ba tare da karya dokar hanya ba.

Wahalar da ke ciki

Baburan, irin su Norton, BSA, Triumph, Velocette da Indian, sun sha bamban da na zamani. Da yawansu da hannu ake sa musu giya, bayansu ba shi da abin rage girgiza, birkinsu kuma ba shi da ƙarfi. A wasu mafiya tsufa, mahayi ne ke tura wa inji baƙin mai da famfon hannu yana cikin tafiya. Idan ya manta, inji ya ƙone. Ga kuma hawa: Durban tana bakin teku, Johannesburg kuwa tana tudun da ya kai kusan mita 1,750, inda iska ke raguwa, ƙarfin inji ya ragu tare da ita. Kayan gyara ba sa samuwa a kasuwa, don haka mahayi kan zama makanikin kansa.

Hanyar da tarihinta

Tsohuwar hanyar ta ratsa garuruwan da suka shaida manyan al'amura. A tashar jirgin ƙasa ta Pietermaritzburg aka fitar da Gandhi daga jirgi a 1893 saboda launin fatarsa. Kusa da Howick 'yan sanda suka kama Nelson Mandela a watan Agustan 1962. A shekarar da aka fara tseren, wato 1913, aka kafa dokar filaye da ta ware wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar. Gonakin da mahaya ke wucewa ta gefensu suna cikin yankunan da har yau ake muhawarar mallakarsu a siyasar Afirka ta Kudu.