Ƙuri'a da Matsin Lambar Talakawa: Nazarin Halayyar Wakilai a Mazaɓun Kiru/Bebeji da Tudun Wada/Doguwa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci abin da ke sa ɗan siyasa ya gyara tafiyarsa, bisa la'akari da zaɓukan 2019 zuwa 2023 a mazaɓu biyu na Majalisar Wakilai a Kano ta Kudu da kuma tanade-tanaden doka. Matsayarta ita ce, tsoron faɗuwa zaɓe ba ya gyara wakili sai jama'a sun fayyace irin aikin da za su saka masa da ƙuri'a.

Gabatarwa

Ɗan siyasa kan karkata ne inda sakamako yake. Idan taliya da atamfa da 'yan kuɗin ranar zaɓe ke kawo ƙuri'a, su zai tanada. Idan gyaran hanyar ruwa daga madatsar Tiga ko tsaron ƙauyukan bakin dajin Falgore ke kawo ta, can zai mayar da hankali.

Darasin Zaɓuka

A Nuwamba 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen mazaɓun biyu. Da aka sake shi a Janairu 2020, Ali Datti Yako na PDP ya kayar da Abdulmumin Jibrin Kofa a Kiru/Bebeji, Alhassan Ado Doguwa kuwa ya riƙe kujerarsa ta Tudun Wada/Doguwa. A 2023 Kofa ya dawo a ƙarƙashin NNPP, Doguwa kuma sai da aka kai ga zaɓen cike giɓi a Afrilu kafin ya tsallake. A shekarar ce Kawu Sumaila ya kawo ƙarshen shekara 16 da Kabiru Gaya ya yi yana wakiltar Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa. Ke nan babu kujerar gado a wannan yanki, kuma 'yan takara sun san da haka.

Sai dai sauya mutum daban, sauya hali daban. Ƙuri'ar da ta bi guguwar jam'iyya ko umarnin ubangida tana koya wa wakili biyayya ga na sama, ba ga mai zaɓe ba.

Hanyoyin Matsin Lamba

Sashe na 69 na Tsarin Mulkin 1999 ya halasta kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, sharaɗin da ya kayar da yunƙurin kiranyen Sanata Dino Melaye a 2018. Saboda haka bibiyar ayyukan mazaɓu ta fi sauƙi da tasiri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun kwangila, kuma tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin sawun irin waɗannan ayyuka. Ƙungiyar manoma da ta ɗauki kasafi ta je ta tsaya gaban rijiyar burtsatse, ta kwatanta abin da ke jikin allon aikin da abin da ke ƙasa, sannan ta kai batun gidan rediyo, ta riƙe hujjar da ta fi zagi a dandali ƙarfi.

Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar ƙungiyoyin ci gaban gari su rubuta buƙatu kaɗan masu aunuwa, su sa 'yan takara su rattaba hannu a bainar jama'a, su riƙa zaman bin bahasi duk shekara. Wanda ya cika a yaba masa a fili, a sake zaɓensa. Wanda ya saɓa a juya masa baya, ko daga wace jam'iyya ya fito. Muddin jama'a ba su sauya abin da suke sakawa a kai ba, wakilansu ba za su sauya ba.