Masaga na Bida da Asalin Gilashi a Arewa

Akan ɗauka cewa gilashi baƙo ne a ƙasar nan, wai Turawa suka kawo shi. Ba haka ba ne. A Bida, ƙasar Nufe, akwai zuriyar Masaga, masu cewa kakanninsu daga Masar suka taso, waɗanda S. F. Nadel ya bayyana sana'arsu a 1942. Da yashi da kanwa suke haɗa baƙin gilashinsu. Sai dai ba busa shi suke yi ba, kamar masu yin kwalbar fitila. Naɗa shi suke yi a jikin ƙarfe, su fitar da tsakiya da awarwaro. Da kwalaben Turai suka yawaita, sai suka koma narka su, haɗin asali kuwa ya ja baya.