Ganuwar Kano: Abin da Igwa Ta Bari, Damina da Shebur Na Ci

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta tsaya a gaban ganuwar Kano da igwa. Sarki Alu yana Sakkwato. Turawa sun fara gwada Ƙofar Dukawuya ba su samu shiga ba, sai suka koma Ƙofar Kabuga suka fasa. Ganuwar kanta kuwa harsashi bai yi mata komai ba, domin ƙasa ce mai kaurin gindi, haɗiye shi take yi.

Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ya soma ginin, ɗansa Tsaraki ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai da Dala da Gwauron Dutse, don in abokan gaba sun yi zobe, a ci a sha a ciki. Daga waje akwai gwalalo da sarƙaƙiya, daga ciki akwai badala inda maharba ke tsayawa, kowace ƙofa da sarkinta.

Mu ma na kudu maso gabas, daga Indabo da Wudil zuwa Garko, tarihin ya shafe mu. Hare-haren Ningawa a ƙarni na 19 sun tilasta wa garuruwan wannan yanki fakewa a bayan ganuwa. Takai ce sansanin Yusufawa a Basasar 1893, a Garko kuma Yusufu ya rasu.

Sirrin ginin ƙasa shi ne yaɓe. Da damina ta wuce ake gayya, a toshe inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu. An ayyana ganuwar a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1959, ta shiga jerin wucin gadi na UNESCO a 2007, amma takarda ba ta tare ruwa. Masu gini na ɗibar ƙasarta, wasu sun kafa shaguna a kanta, wasu sun mai da gwalalon juji. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa saboda faɗaɗa titi, aka sake ta da siminti.

Mu masu aikin manhaja muna ajiye kwafi kafin abu ya lalace. Ganuwa ma tana bukatar haka. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar hoto, tana kuma rubuta daidai wurin da aka ɗauka. Bi sawun ganuwar garinku, ka sa ta a OpenStreetMap, ka tambayi dattawa sunan kowace ƙofa ka naɗi muryarsu. Wannan ba zai maye gurbin yaɓe ba. Amma ranar da hukumar adana kayan tarihi ko masarauta ta tashi gyara, ko aka je kotu kan fili, taswirar ce za ta nuna inda ganuwa ta bi.