Birnin da Aka Sayar Kafin a Gama Gina Shi: Tarihin Cyberpunk 2077

Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah wurin tela ya san bambancin laifi biyu. Akwai rigar da aka ɗinka hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, akwai kuma wadda aka ce za a yi wa aiki a wuya, ranar idi ta zo ba ko zare. Ta farko ana iya mayar da ita a gyara. Ta biyu kuwa magana ce aka saɓa. Wasan bidiyon Cyberpunk 2077 ya haɗa laifukan biyu a rana guda, 10 ga Disamba 2020.

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw, a ƙasar Poland, shi ya sanar da wasan a 2012, bisa duniyar da Ba'amurke Mike Pondsmith ya ƙirƙira tun 1988 don wasan da ake yi da takarda da alƙalami. Tallan farko, na Janairu 2013, ya ce wasan zai fito ne sai ya kammala. Mutane sun gaskata, musamman bayan kamfanin ya fitar da The Witcher 3 a 2015, wanda har yau ake lissafa shi cikin gwanayen wasannin da mutum ke shiga rigar jarumi, ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai bi, labari kuma ya karkata bisa zaɓinsa. A 2018 aka nuna minti 48 na birnin Night City mai cunkoso da fitilu. A 2019 ɗan wasan fim Keanu Reeves ya hau dandamali ya bayyana ranar fitowa: 16 ga Afrilu 2020.

Sau uku aka ɗage ranar: zuwa Satumba, zuwa Nuwamba, sannan Disamba. A tsakani aka tilasta wa ma'aikata aikin kwana shida a mako, alhali shugabanni sun yi alkawarin ba za a yi haka ba. Duk da haka mutum miliyan 8 suka biya kuɗi tun kafin su ga kaya.

Abin da suka samu ya danganta da na'urar da ke hannunsu. A kan kwamfuta mai ƙarfi wasan yana tafiya, da 'yan tangarɗa. A kan PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fito tun 2013, birnin ya fi ƙarfin injin: fuskoki su ƙi bayyana, motoci su nutse cikin kwalta, mutane su tsaya ƙiƙam da hannuwa a buɗe, wasan ya mutu ana tsakiyar faɗa. 'Yan sanda ba sa biyo mai laifi, sai dai su tsiro a bayansa kamar aljanu. Akwai ma kuskuren da ke lalata ajiyar ɗan wasa idan ta wuce megabayit 8, aikin makonni ya bi ruwa. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne, kafin fitowa, na kwamfuta kaɗai aka bai wa masu sharhi. Kamfanin ya san halin da ake ciki.

A ganina tangarɗa ta fi yi wa irin wannan wasa illa fiye da sauran. Matasan da ke cika shagunan gem a Kalgo ko Gwandu suna buga ƙwallo, in hoto ya sarƙe, dariya za su yi su sake wasa. Minti goma aka rasa. Wasan labari kuwa jarinsa yarda ce. Kana zaune kana sauraron abokin da ke gargarar mutuwa a bayan mota, sai bindiga ta maƙale masa a ka. Daga nan ka tuna na'ura ce a gabanka, kuma duk gwanintar marubutan ba za ta maido ka ciki ba.

Hukunci bai jima ba. Mako guda bayan fitowa, Sony ta cire wasan daga shagonta na intanet, ta mayar wa masu so kuɗinsu, matakin da ba a saba gani ba a kan wasa mai wannan girma. Bai koma ba sai 21 ga Yuni 2021. Hannun jarin kamfanin ya faɗi, masu zuba jari suka kai ƙara a Amurka, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. A Janairu 2021 Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fito a bidiyo ya nemi gafara, ya ce laifin na shugabanni ne. Amma kuma an sayar da kwafi miliyan 13 cikin kwana goman farko, wanda ke nuna wa duk mai lissafi cewa alkawari ya riga ya biya kuɗin kansa.

Sai aka shiga faci. Babban gyara ya zo a Fabrairu 2022. A Satumba fim ɗin zane Cyberpunk: Edgerunners na Netflix ya dawo da ɗimbin 'yan wasa. A Satumba 2023 aka sake tsarin 'yan sanda da na ƙwarewa, aka ƙara babin Phantom Liberty tare da Idris Elba. A Disamban shekarar wasan ya ci lambar yabo a bikin The Game Awards, jirgin ƙasan cikin birni da aka gani a tallan 2018 kuma ya fara ɗaukar fasinja.

Ana yawan ba da wannan tarihi a matsayin labarin tuba da karɓar tuba, ni kuwa ina da ja. Kura-kuran manhaja sun gyaru. Alkawura ba duka ba. Asali uku da ɗan wasa ke zaɓa tun farko, ɗan jeji ko ɗan titi ko ma'aikacin babban kamfani, har yau suna haɗewa a hanya ɗaya bayan gajeriyar shimfiɗa. Sashen da za a yi wasa da jama'a ta intanet an soke shi. Babban gyaran 2023 da Phantom Liberty kuwa ba su zo kan PlayStation 4 da Xbox One ba ko kaɗan. Wato waɗanda aka fi cuta a 2020 su aka bari a baya, kuma irin na'urarsu ce, ta hannu, ta fi yawa a ɗakunan samarinmu daga Birnin Kebbi har Sakkwato.