Ƙauyen Da Ya Daina Duba Agogo

A watan Oktoba na shekarar 1929 ne kasuwar hannun jari ta birnin New York ta karye, masifar kuwa ba ta tsaya a Amurka ba. Bankuna suka rufe, ciniki tsakanin ƙasashe ya durƙushe. A 1932 marasa aikin yi a Jamus sun kai miliyan 6, a 1933 kuma kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan Amurka suna zaune haka nan. Masana tattalin arziki sun ƙididdige asarar dukiya. Su kuwa masana ilmin zaman jama'a wata tambaya dabam suka yi: in mutum ya rasa aiki, me ya rasa ban da albashi?

Amsa mafi shahara ta fito ne daga Marienthal, wani ƙauye kusa da Biyana, babban birnin Ostiriya. Kusan duk mutanensa da wata masaƙa guda suka dogara, ita kuwa ta rufe a farkon 1930. Cikin iyalai 478, kimanin kashi uku cikin huɗu ba su da ko mutum ɗaya mai aiki. A ƙarshen 1931 wasu matasan masana, a ƙarƙashin Paul Lazarsfeld da Marie Jahoda da Hans Zeisel, suka shiga ƙauyen. Ba su je hannu rabbana ba: sun raba tufafi, sun kawo likitoci, sun koyar da ɗinki, ta haka suka sami shiga gidaje.

Abin da suka tarar ya ba da mamaki. A zamanin nan mutane da yawa suna zaton yunwa za ta ingiza talakawa ga juyin juya hali. Amma sai aka ga akasin haka. Aron littattafai a laburaren ƙauyen ya ragu da kusan rabi, alhali an soke kuɗin aro, mutane kuma suna da lokaci fiye da dā. Ƙungiyoyin siyasa suka yi asarar 'ya'yansu. Lambun shaƙatawa da ake alfahari da shi ya zama kufai, ga ma'aikata birjik amma babu mai nome shi.

Har ma masanan suka laɓe a bayan taga suna auna tafiyar mutane a kan titi. Maza suna jan ƙafa, suna tsayawa sau biyu sau uku a ɗan gajeren zango, yawancinsu kuma sun daina ɗaukar agogo. Mata kuwa sauri suke yi, domin girki da wanki da reno ba su san an rufe masaƙa ba. Wato rashin aiki ya ƙwace wa namiji tsarin yininsa, ya bar shi da lokacin da ba shi da amfani.

An buga littafin a 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki a Jamus. Lazarsfeld ya koma Amurka, Jahoda kuma bayan ɗauri ta yi hijira zuwa Ingila a 1937. A 1982 ta taƙaita darasin: aiki yana ba mutum tsarin lokaci, da cuɗanya da waɗanda ba danginsa ba, da manufar da ya yi tarayya da wasu a cikinta, da matsayi a idon jama'a, da abin yi kullum. Kuɗin agaji yana iya tsare ciki, amma ba ya mayar da waɗannan biyar.

Saura batun 'ya'ya. A 1974 wani masani Ba'amurke, Glen Elder, ya fitar da nazarin rayuwar yara 167 na birnin Oakland waɗanda aka haifa a 1920 da 1921, aka kuma bi su har girmansu. A gidajen da uba ya talauce, ikon uwa ya ƙaru, samari suka fita neman kuɗi tun da wuri, 'yan mata suka ɗauki aikin gida. Da suka girma, da yawa daga cikin mazan sun fifita aiki mai tabbas bisa mai kasada, sun kuma riƙi iyali da muhimmanci. Daga baya Elder ya gano cewa yara maza da masifar ta riska suna ƙanana ƙwarai sun fi jin jiki.

Gwamnatoci ma sun ɗauki darasi: a 1935 Amurka ta kafa dokar fansho da inshorar rashin aiki. Amma kasuwa takan farfaɗo kafin mutane. Alƙaluman ciniki sun komo daidai, yaran da suka ga ubanninsu zaune a ƙofar gida kuwa sun riƙe tsoron talauci har tsufansu.