Fastar Fim ɗin Faɗa a Matsayin Alkawari: Nazarin Nau'i, Labari da Masu Kallo

Tsakure

Maƙalar ta nazarci fastocin wasu fina-finan faɗa na Amurka, inda ta kafa hujja cewa fasta alkawari ce da kamfani ke yi wa wani rukunin masu kallo. Nau'in fim take fara shelantawa, ta ɗan tsakuro labari, amma kasuwa ce ke tsara zubinta.

Gabatarwa

A 1964 Roland Barthes ya nuna cewa hoto na ɗauke da ma'anoni barkatai, kuma rubutun da ke tare da shi ne ke ɗaure mai kallo a kan guda. Kress da van Leeuwen, a 1996, sun ƙara da cewa inda mutumin da ke cikin hoto ya sa ido, da kusurwar da aka ɗauke shi, su ke ƙulla dangantakarsa da mai kallo. A kan waɗannan ra'ayoyi biyu aka ɗora nazarin.

Nazari

Fastar The Terminator (1984) na James Cameron ta cika da Arnold Schwarzenegger: baƙin tabarau, rigar fata, bindiga a ɗage, fuska a murtuke, sunansa a can sama. Kafin a karanta harafi ɗaya an san faɗa za a gani. Sai dai shi ne bos a fim ɗin, kuma Sarah Connor, wadda ake farauta, babu ita a fastar. Ke nan barazanar aka zaɓo daga labarin, aka ɓoye saura don ta da sha'awa. Die Hard (1988) ya fi fito da tasirin kasuwa. A lokacin an fi sanin jarumin fim ɗin, Bruce Willis, da wasan barkwanci na talabijin, Moonlighting, don haka kamfanin 20th Century Fox ya fifita dogon benen Los Angeles da labarin ya gudana a cikinsa a tallace-tallacensa, sai da fim ɗin ya karɓu aka dawo da fuskar jarumin gaba. Labari bai canza ba. Hasashen kamfani game da masu kallo ne ya canza. Haka aka gani a 2015, da aka ƙanƙanta hoton John Boyega a fastar Star Wars: The Force Awakens ta kasuwar Sin, lamarin da ya jawo suka.

Wani zai ce fastocin nan duk kanwar ja ce: wuta, bindiga, namiji mai damtse, don haka ba su faɗin komai. Amma maimaicin shi ne ke ba alamomin ƙarfi, domin sai an saba da alama ake gane ta cikin ƙiftawar ido. Masu zanen Gana na shekarun 1980 da 1990 shaida ne: suna zana fastocin gidajen kallon bidiyo a kan buhunan fulawa, wani sa'in ba tare da sun ga fim ɗin ba, su ƙara makamai da jini, kuma jama'a su fahimci abin da ake tallatawa. Wani kuma zai ce wannan yaudara ce. Zargin na da tushe, sai dai shi kansa ya tabbatar da hujjar, tunda ba a zancen saɓa alkawarin da ba a yi ba.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa nau'i ne ginshiƙin fastar fim ɗin faɗa, labari kuwa ɗanɗano kawai ake bayarwa. Wajibi ne manazarta su riƙa kwatanta fastocin fim guda a ƙasashe daban-daban, domin a nan ake gane wanda kamfani ke yi wa magana.