Manhajojin bin sawun cuta da saitunan wayar da suke buƙata: abin da ya shafi mazauna Gombe

Bin sawun cuta shi ne aikin gano mutanen da suka yi cuɗanya da wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cuta mai yaɗuwa, a sanar da su, sannan a riƙa duba lafiyarsu har kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki su cika. Ga korona kwana 14 aka ƙayyade a farkon annobar, ga zazzaɓin Lassa da Ebola kuwa kwana 21. Aiki ne da jami'an lafiya suka daɗe suna yi da ƙafa da takarda. A shekarar 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas, an bi sawun kusan mutum 900 gida-gida, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Najeriya ta rabu da cutar.

Annobar korona ce ta shigo da wayar salula cikin aikin gadan-gadan. Sai dai manhaja ba ta aiki da kanta. Akwai wasu maɓallai a cikin saitin waya da sai suna kunne take iya yin abin da aka yi ta dominsa, kuma idan ɗaya ya mutu takan yi shiru kawai, mai waya na zaton ana gadinsa alhali ba a yi.

Yadda tsarin yake aiki

Ranar 10 ga Afrilun 2020 kamfanonin Apple da Google suka sanar da haɗa kai wajen samar da tsarin sanar da mutum cewa ya kusanci mai ɗauke da korona, suka kuma sake shi ga hukumomin lafiya ranar 20 ga Mayu. Tsarin ya dogara ne da Bluetooth. Kowace waya tana fitar da wata lamba wadda ba ta ɗauke da suna ko lambar layi, tana sauya ta duk bayan minti 10 zuwa 20, tana kuma adana lambobin wayoyin da suka matso kusa da ita har kwana 14. Idan gwaji ya kama wani, kuma ya yarda a fitar da lambobinsa, sauran wayoyi sai su kwatanta da abin da suka adana. Wadda ta ga ta daɗe kusa da shi sai ta sanar da mai ita, ba tare da ta faɗi ko wane ne ba.

Afirka ta Kudu ta gina manhajarta a kan wannan tsari a watan Satumbar 2020. Najeriya ba ta fitar da irinta ta ƙasa ba. Duk da haka sashen ya bayyana a cikin saitin wayoyin Android da iPhone a ko'ina, har da na Jekadafari da Pantami da Bolari, domin ta hanyar sabuntawa ya iso. Ba a yi wa jama'a bayani tun farko ba, sai saƙonni suka cika WhatsApp da Facebook a ƙasashe da dama cewa an dasa wa mutane na'urar leƙen asiri a ɓoye. Gaskiyar ita ce sashen a kashe yake zuwa, ba ya kuma yin komai sai an sauke manhajar wata hukumar lafiya an ba ta izini. Amma jita-jitar ta riga bayanin isa, a daidai lokacin da ake yaɗa wata cewa fasahar 5G ce ke haddasa cutar, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta ƙaryata.

Halin da aka shiga a Gombe

Ranar 20 ga Afrilun 2020 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta sanar da mutum 5 na farko da suka kamu da korona a Jihar Gombe, kusan wata biyu bayan samun na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Farfesa Idris Mohammed, aka kuma tanadi wuraren killace masu ita, ciki har da na Kwadon. Matsayin jihar ya ƙara wa aikin nauyi: Gombe tana iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba, wato duk sauran jihohin Arewa maso Gabas, kuma matafiyi daga Yola ko Biu ko Potiskum yakan ratsa birnin ya kwana ko ya sauya mota.

Manhajar da ta yi aiki a nan tana hannun ma'aikata ne. Sunanta SORMAS, an ƙirƙire ta bayan Ebola da haɗin gwiwar masanan Najeriya da cibiyar binciken cututtuka ta Helmholtz da ke Jamus, aka gwada ta a Kano da Oyo a 2015, aka yi amfani da ita lokacin ɓarkewar ƙyandar biri a 2017, sannan korona ta sa aka faɗaɗa ta zuwa sauran jihohi. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma yana shigar da sunan wanda ake bibiya, da unguwarsa, da zafin jikinsa na kowace rana. Manhajar tana karɓar bayani ko babu intanet, amma bayanin ba ya isa cibiyar jiha ko Abuja sai an kunna data an tura. Jami'in da ya wuni yana zagaye a Dukku ko Nafada da data a kashe, aikinsa na nan cikin aljihunsa, masu yanke shawara kuma suna kallon alƙaluman jiya.

Maɓallan da abin ya rataya a kansu

Na farko shi ne Bluetooth. Yawancin mutane sun san shi a matsayin hanyar tura waƙa da karatu da bidiyo, ko haɗa waya da sifika, kuma sun saba kashe shi da zarar an gama don kada ya sha caji. Wannan ɗabi'a tana da hujja a garin da wuta ba ta tsayawa. Nau'in da manhajojin ke amfani da shi mai ƙarancin cin batir ne, amma idan ba a faɗa wa mutum haka ba, zai ci gaba da yin abin da ya saba.

Na biyu ya fi kowanne jawo zargi, shi ne maɓallin nuna wuri, wanda aka fi sani da lokeshan. Tun daga Android 6, wayar ba ta barin manhaja ta lalubo na'urorin Bluetooth na kusa sai wannan maɓalli yana kunne, saboda ana iya gane inda mutum yake ta irin wannan lalube. Sakamakon haka sai aka wayi gari manhajar da aka ce ba ta bin inda mutum yake tana roƙon ya kunna lokeshan. Google ya ce manhajojin da ke kan tsarin ba su da izinin karanta wurin da mutum yake, kuma haka ƙa'idar take. Amma kunna maɓallin yana buɗe ƙofa ga wasu manhajoji da aka riga aka ba su wannan izini, abin da ya sa wasu gwamnatocin Turai suka nemi a gyara. Daga Android 11 aka cire wannan sharaɗi ga manhajojin korona, a Android 12 kuma aka ware izinin na'urorin kusa daban. Mai tsohuwar waya bai samu wannan sauƙi ba, kuma a kasuwannin waya na Arewa tsofaffin wayoyi ba sa ƙarewa.

Na uku shi ne tsarin tattalin batir, wanda ke kashe manhajojin da ba a buɗe ba. A Jamus, inda aka ƙaddamar da Corona-Warn-App ranar 16 ga Yunin 2020, an gano a watan Yuli cewa a wayoyin Samsung da Huawei da yawa wannan tsari ya hana manhajar sabunta bayananta na tsawon makonni, sai idan mai waya ya buɗe ta da hannunsa. Mutane sun yi ta yawo da manhajar da ba ta faɗakar da su. Gyaran da aka yi shi ne ƙara wani maɓalli a cikin manhajar da ke ba ta damar aiki a bayan fage. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a a Najeriya, su ma suna zuwa da nasu tsarin tsimin caji, don haka duk manhajar da za a kawo nan sai an gwada ta a kansu, a kuma nuna wa mutum matakin da zai bi a irin wayarsa.

Sauran su ne izinin sanarwa, wanda idan an toshe shi gargaɗi zai zo ya wuce ba a gani ba, da data, wadda ake buƙata aƙalla sau ɗaya a rana don sauke sababbin lambobi.

Akwai kuma lokacin da kashewa ce daidai. Manhajar Ingila da Wales, wadda aka fitar ranar 24 ga Satumbar 2020, ta shawarci mutane su dakatar da ita idan sun ajiye waya a akwatin wurin aiki, ta kuma tanadi tunatarwa don kada a manta a sake kunnawa. A Gombe misalin ya fi fitowa fili a teburin mai cajin waya, inda wayoyi gomomi ke kwana gefe da gefe alhali masu su ba su taɓa haɗuwa ba. A lissafin Bluetooth duk sun yi cuɗanya. A masallacin Juma'a kuma, inda aka fi cinkoso, akan roƙi jama'a su kashe waya, wanda ya kashe ta gaba ɗaya manhajarsa ta tsaya, wanda ya rufe ƙararta kawai tana ci gaba da aiki. Ga gidan da miji da mata da 'ya'ya ke amfani da waya ɗaya, ga mai ƙaramar waya ta maɓallai wadda ba ta ɗaukar manhaja ko kaɗan. Singafo ta raba wa irin waɗannan ƙananan na'urori na ratayawa.

Haƙƙin a sanar da mai waya

Darasin da ya fito daga waɗannan ƙasashe shi ne manhaja ta riƙa faɗin halin da take ciki a fuskarta ta farko: tana aiki ko ta tsaya, me ya tsayar da ita, wane maɓalli za a taɓa, me kuma kunna shi zai jawo. Gargaɗin da ba a fahimta ba shi ma illa ne. A makonnin farko na manhajar Ingila mutane sun riƙa ganin sanarwar yiwuwar kusantar mai cuta, idan sun taɓa ta sai ta ɓace babu bayani, har sai da aka ƙara saƙo na biyu mai kwantar da hankali. Duk da haka, binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa manhajar ta hana kamuwar dubban ɗaruruwan mutane a watanni uku na ƙarshen 2020.

Amana kuwa idan ta karye da wuya ta gyaru. A Janairun 2021 gwamnatin Singafo ta amsa cewa 'yan sanda na iya samun bayanan TraceTogether wajen binciken laifi, saɓanin abin da jama'a suka fahimta da farko, sai da aka yi sabuwar doka ta taƙaita hakan. A Nowe hukumar kare bayanai ta sa aka dakatar da manhajar farko a Yunin 2020 saboda tana tattara bayanan wuri fiye da kima.

A Najeriya, hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai a Janairun 2019, lokacin da Dakta Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan Gombe, ke shugabancinta. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Ƙasa, wadda ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta a bayyana wa mutum abin da ake karɓa da dalilin karɓarsa da kalmomi masu sauƙin fahimta. Ga ɗan kasuwar Tudun Hatsi ko direba a Tashar Dukku, sauƙin fahimta na nufin Hausa ko Fulfulde, a rediyo ko a saƙon murya. Allon saiti mai cike da Turanci ba ya cika wannan sharaɗi, ko da mutum ya danna amincewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, Ingila ta riga ta rufe manhajarta a ƙarshen Afrilu, Apple da Google kuma suka naɗe tsarinsu a cikin shekarar. Bin sawu bai tsaya ba a Gombe, domin Lassa da sanƙarau sukan taso da rani, kwalara kuma da damina. Wanda aka sa cikin jerin bibiya a yau abin da ake nema daga wayarsa kaɗan ne: ta kasance da caji, layin da ya bayar yana ciki, kuma ya ɗauki kira ko da bai san lambar ba. Jami'in lafiya na gaskiya ba ya tambayar lambar BVN ko lambar sirrin banki. Wanda ya yi shakka na iya kiran layin NCDC na kyauta, 6232.